Ƙasar da na shafa wa idona

Ina dawowa daga rijiya da tulu a ka, rana ta faɗa bayan dutse, sai hanyar gidanmu ta ɓace mini. Ina jin muryoyin matan da ke gabana, amma ko zanensu ba na gani. Na yi karo da darnin maƙwabta, tulun ya fashe. Da gari ya waye ina gani garau. Da magariba abin ya dawo.

Hutu na zo Dogon Dutsi daga lakwal, wato makarantar boko, ba a daɗe da yi mini baftisma ba. Shekarar hatsi bai yi ba. Kunu tsura muke sha, ba nono, ba mai. Kakata, mutuniyar Lugu, garin masu bori, ita ta kama ni ina laluben bango.

"Doguwar gidanmu ta," in ji ta, tana nufin iskar da gidanmu ke bauta wa. "Kin bi Nasara kin yada ta, ga shi ta amshe haskenta. Karatun sai ki yi shi da hanci."

Na kai kukana wurin malamin majami'armu. Ya ba ni labarin makahon da Almasihu ya kwaɓa ƙasa da yawu ya shafa masa, ya je ya wanke, ya dawo yana gani. Ya ce amma babbar makanta ta zuciya ce, kuma tawa ta riga ta buɗe. Na yarda, har yau ma na yarda. Sai dai rubutun alli da idon kai ake ganinsa, kuma in na makance ni da lakwal shi ke nan.

Na gaji da addu'a, na gaji da gorin Kaka. Wata yamma na zagaya bayan rumbu, na ɗebi ƙasa, na tofa yawu, na cusa a idona ina kiran sunan Almasihu. Na wanke. Washegari idon ya kumbura, kwantsa ta manne shi, ranar ma na rasa ta.

Kaka ce ta ja ni zuwa ɗakin maganin mishan, ita da ko inuwarsa ba ta taɓa takawa ba.

"Ba don Allahnku ba," take faɗi a hanya. "Ƙafata ce ba ta kai Lugu."

Baturiyar da ke ba da magani ta daɗe tana wanke mini yashin.

"Wa ya zuba miki ƙasa?"

Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba.

"Almasihu ya warkar da mutumin, ɗiyata, ba ƙasar ba. Naki dundumi ne, yunwa ke kawo shi. Za ki sha man kifi, ki ci hanta."

"Hanta!" in ji Kaka. "A bana? Bisashen Fulani ma ƙashi ne da fata."

Baturiyar ta buɗe fatar idona da yatsa, ta juya ni wajen taga. Na hangi farin rigarta dishi-dishi.

"Yashin bai taɓa baƙin idon ba," ta ce. "Ba za ki makance ba."

Na zauna a kan benci. Cokalin man kifin ma Kaka ce ta riƙe mini.