Kazar da Baffa Ya Kawo

Bayan shekarar yunwa, gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar ya koma kamar kango. Baba ya tafi ci-rani gabas bai dawo ba. Awakinmu kuwa, yunwa ta kashe wasu, mu muka cinye sauran. Muka rage mu uku: ni, da Inna, da ƙanena wanda aka yaye ba shiri saboda nono ya ƙafe. Ba don Baffa ba, yayan Baba, wanda ya riƙa auno mana gero daga rumbunsa, da ba mu ga damina ba.

Da kaka ta yi, Inna ta ɗauko tasarta ta aure, ta ce in biyo ta kasuwar Maigatari. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana.

"Ke, kaji za mu nemo," in ji ta. "Kaza in ta yi albarka akuya take zama. Yaron nan madara yake bukata."

Tasar ba ta daɗe a hannunta ba aka saye. Wajen masu kaji ne muka wuni. Inna sai ta ɗaga kaza, ta duba zanko ko ja ne, ta leƙa ido, ta buɗe fiffike ta hura gashin ko akwai ƙwari. Ta shafa ƙirji, ta sa yatsu a ƙashin baya ta ji ko da faɗin da ƙwai zai wuce. In ƙafa ta yi kaushi, ta ce tsohuwa ce, ta ajiye. Masu gajerun ƙafa ko kallonsu ba ta yi. Ita mafaɗata take so, dogaye masu tsayin wuya, irin waɗanda ake kawowa daga Damagaram.

A kwandon wata tsohuwa ta same su. Tana sa hannu, wata baƙar kaza ta sare ta har jini ya fito. Inna ta yi dariya, abin da rabona da ji tun tafiyar Baba.

"Wadda ta sare ni za ta sari shirwa," in ji ta. Muka dawo da kaji uku da jan zakara.

Ta gina musu akurki da laka, ta barbaɗa toka a ciki. Ni kuma nakan kifa tukunya da kashin shanu a bakin suri, da safe in juye musu gara. Ba mu taɓa ƙwai ko ɗaya ba, duk na kwanci ne. Kafin sanyi ya wuce tsakar gida ta cika da 'yan tsaki, baƙar nan tana gaba da fiffike a buɗe, ba shirwar da ta isa ta sauko. Har Inna ta je ta ga wata akuya mai ciki a rugar Fulani, suka yi magana za a yi musanye da kaji.

Sai ga Baffa wata rana ya dawo daga Gumel da farar kaza ƙatuwa a hammata, fuskarsa cike da murna.

"Na ji kin fara kiwo," ya ce wa Inna. "Ga tawa gudummawar. Ba ta yanka ba ce, ta iri ce."

Na ga idon Inna ya sauka kan kazar. Zankonta ya yi duhu, idonta na ruwa, tana buɗe baki tana numfashi. Kafin Inna ta miƙa hannu, Baffa ya sake ta cikin kajinmu.

Inna ta durƙusa. "Mun gode, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Ya zauna ya sha fura, ya daɗe yana hira. Muna kallo farar ta je ta tsoma baki a kaskon ruwa. Da ya fita na ce, "Inna, ai kin gani. Me ya hana ki faɗa?"

"Mutumin da ya buɗe mana rumbunsa," in ji ta, "da wane baki zan ce kyautarsa ciwo gare ta?"

Ta kama kazar ta ɗaure bayan ɗaki, ta fasa kaskon. Amma aikin gama ya gama. 'Yan tsakin suka fara zubewa, sannan iyayen, wuya ya murɗe, kashi ya koma kore. Ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono da kanwa, tana ɗura musu ɗaya bayan ɗaya. Zakaran ne ya mutu a ƙarshe, a tsaye jikin danga.

Baffa ya zo ya tsaya a bakin akurki, ya leƙa ciki. "Ko tawa ce ta jawo?"

"A'a, Yaya. Iska ce ta shekara."

Akuyar kuwa, wani ne ya ɗauke ta. Ƙanena ya ci gaba da shan kunu tsararo, cikinsa na kumbura, ƙafafunsa na sirancewa, har zafin bazara ya tafi da shi. Bayan sadakar bakwai kawuna, ɗan'uwan Inna, ya zo da jaki ya kwashe mu zuwa Gagarawa. A can Inna ta ƙare rayuwarta tana surfe da daka a gidajen mutane, a biya ta da dusa da ɗan tsakin gero.