Gumin Tafin Hannuna

Tun ina ƙarami a Yola ta ƙasar Ƙaraye na san hannuna ba irin na sauran yara ba ne. Ko da sanyi ko da zafi tafina a jiƙe yake, wani lokaci har ɗiga yake yi ta kan yatsu. A makarantar allo malam zai yi mini rubutu, kafin in koma wurin zamana tawadar ta narke daidai inda babban yatsana ya dafa. Na sha bulala kafin malam ya gane ba lashe allon nake yi ba.

Wajen cin abinci abin ya fi yi mini ciwo. Mu yara maza kwano ɗaya ake zuba mana. Wata rana yayana ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ki ce masa ya goge hannunsa mana, miyar har ta tsinke." Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar Inna ta ware mini 'yar tasa tawa ni kaɗai. Tausayina ta ji, na sani. Amma sai ya zamana ina cin tuwona a gindin rumbu ina jiyo hayaniyarsu suna rigima a kan ƙanzo.

Babu abin da Inna ba ta gwada ba. Ta jiƙa bagaruwa ta sa na tsoma hannu har ya yi baƙi. Ta ƙunsa mini lalle, na yi kwanaki ina ɓoye hannu a aljihu don kada a ce na zama mace. An yi rubutu na sha, an yi turare. Hannun ya ɗan lafa, sai kuma ya dawo kamar da gayya.

Da na gama kwalejin horon malamai, wajen tsakiyar shekarun tamanin, aka tura ni koyarwa wata firamare a Rogo. A nan na san namiji ba ya rayuwa cikin mutane ba tare da miƙa hannu ba. A bakin masallaci musabaha, a kasuwa musabaha, ka haɗu da mutum da safe ku gaisa, da azahar ku sake. Na ga yadda fuskar mutum take sauyawa in ya kama hannuna, sannan ya faki idona ya goge nasa a gefen riga. Don haka na koyi gaisuwa daga nesa, in dafe ƙirji in ɗan rusuna. Ba a daɗe ba aka fara cewa sabon malamin nan girman kai gare shi. Ban musa ba. Girman kan ya fi mini sauƙin ɗauka.

A aji kuwa alli jiƙewa yake a hannuna ya ƙi rubutu, sai na naɗe shi da takarda. Littattafan yara duk wanda na duba sai gefensa ya kumbura.

Ɗakin da na kama haya yana jikin na wani dattijo, malamin Arabiyya a makarantarmu, mutumin Ruwan Bago. Iyalinsa da shanunsa suna can ƙauye, sai ƙarshen mako yake hawa kekensa ya tafi. Shi ne mutum na farko a Rogo da ya kama hannuna ya riƙe bai saki ba. Ya juya tafin ya duba, ya ce, "Malam ƙarami, wannan ai lalura ce, ba hali ba ne. Ka taɓa kai shi asibiti a birni?"

Na ce masa kunya nake ji in je gaban likita da ƙorafin gumi, ga masu ciwo na gaske a layi.

Ya ce, "Abin da ya hana ka cin abinci da mutane ai ciwo ne na gaske."

Sai da na yi shekara da shekaru ina jan ƙafa kafin na je. A farkon shekarun casa'in, lokacin wani dogon hutu, na sauka gidan wani ɗan'uwa a Kano na nemi likitan fata. Likitan bai yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ma kaɗai ya sanyaya mini rai. Ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini tasoshi biyu da ruwa a ciki, kowace da waya a jikinta zuwa wata 'yar na'ura. Ya ce sunan aikin ayontoforesis: a tsoma hannu a ruwa, a saki wutar lantarki 'yar kaɗan ta ratsa fata, ƙofofin gumin su yi sanyi. Na ja baya. Tun muna yara aka gaya mana ruwa da wuta ba sa haɗuwa.

Ya yi murmushi ya ce, "Sa hannunka, Malam. Amma ka sani ba warkewa ake yi ba. In ka ci gaba, hannu zai zauna a bushe. In ka bari, zai dawo."

Ji na yi kamar tururuwa suna yawo a ƙarƙashin fatata. Na yi ta zuwa duk tsawon hutun ban ga komai ba, har na fara cewa asarar kuɗin mota nake yi. Wata safiya ina alwala na lura ruwan ya bushe a hannuna, kuma wani bai fito ya maye gurbinsa ba. Na tsaya ina kallon tafina kamar na baƙo.

Da hutu ya ƙare, zuwa Kano kowane mako daga Rogo ba abu ne mai yiwuwa ba. Likitan ya zana mini yadda za a haɗa irin na'urar da batir, ya ja mini kunne kada in kuskura in haɗa da wutar gida. Wani mai gyaran rediyo a Ƙaraye ya haɗa mini: tasoshin silba biyu, batirin babur, wayoyi, da abin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo.

Matsalar ita ce hannu biyun duk suna cikin ruwa, dole wani ya murɗa wutar a hankali ya ƙara, in an gama ya rage a hankali. In ka fizge hannu wutar na kai, sai ta zabure ka har kafaɗa. Maƙwabcina ya ce wannan aikinsa ne. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya shigo da buzunsa ya zauna kusa da batirin.

"Ya isa haka, ko in ƙara?"

"Ƙara kaɗan, Baba."

"To, in ka fara rawa ni dai ba ruwana."

Yana zaune yana ba ni labarin shanunsa, kowace da halinta, yana sirka Hausa da Fulatanci in labarin ya yi daɗi. In ina da 'yar tsaga a yatsa, shi yake shafa mini basilin a wurin don kada ya yi zugi. Shi ya gano ruwan sama ba ya yi, sai na rijiyar bayan makaranta. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi da na yi a Rogo. Na riƙa miƙa hannu a bakin masallaci, duk da cewa mutane sun riga sun saba da gaisuwata ta nesa, wasu har sai na bar hannun a miƙe kafin su lura. Allina ya daina jiƙewa.

Sai lokacin ritayarsa ya yi. Ya ɗaure kayansa a bayan keke ya koma Ruwan Bago. Kafin ya tafi ya tambaye ni wa zai riƙa murɗa mini. Na ce zan samu. Ban nema ba. Wanda ya shiga ɗakinsa matashi ne mai yawan abokai, kuma tun a makon farko ya leƙo ya gan ni da hannuwa a ruwa da wayoyi, washegari labari ya zaga cewa ina wani surkulle a ɗaki. Na rasa ta inda zan fara bayani, sai na riƙa sakaya ƙofa.

Na ɗaure abin murɗawar a jikin wani katako a ƙasa, na koyi juya shi da babban yatsan ƙafa. Da farko nakan zarce, wutar ta cije ni. Daga baya ƙafar ta ƙware. Zaman dai ya zama wani iri. Ba ka iya riƙe littafi, ba ka iya korar ƙuda daga fuskarka, ba ka iya ko jan carbi. Sai ka zauna ka kalli bango, kana jin ƙarar injin ɓarzar gyaɗa daga nesa da muryoyin masu komawa gida daga kasuwa. Akwai lokacin da na gaji na bari. Ban yi nisa ba gumin ya dawo, na ɗauki batirin na kai caji na koma.

Nakan yi niyyar zuwa Ruwan Bago in gaishe da dattijon, kullum sai in ce sai hutu. Sau ɗaya ya aiko mini da man shanu a 'yar kwalba, da saƙon wai yaya ƙafa take da aikin hannu, don na aika masa labarin dabarata.

Wata Alhamis da damina ina tsakiyar zama aka yi sallama a ƙofa. Hedimastanmu ne. Na ce ya ɗan dakata ina zuwa. Bai dakata ba, daga waje ya ce, "Malam, dattijon nan maƙwabcinka na da, Allah ya yi masa rasuwa da hantsi. An riga an kai shi. Gobe za mu je ta'aziyya."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na so in miƙe, ba dama. Sai da na sa ƙafa na rage wutar sannu a hankali yadda ya saba yi mini, hawaye na sauka a haɓata ba hannun sharewa. Kafin in buɗe ƙofa hedimasta ya kai bakin titi.

Washegari muka hau babura muka tafi. Hanyar duk laka. 'Ya'yansa suna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, ba wanda ya san ni a cikinsu. Na bi layi na gaisa da kowa, na yi addu'a, na zauna a gefe. Shanun suna ɗaure a bayan danga, na yi ta kallonsu ina ƙoƙarin gane wacce ce wacce daga labaran da ya ba ni. Ban iya ba. Da abokan tafiyata suka miƙe, ni ma na miƙe, muka kamo hanyar Rogo kafin hadarin da ya taso daga gabas ya tare mu.