Lena Biyu a Takardar Laraba

"Lena! Ke Lenaaa! Bene na uku, leƙo mana!"

Ƙanena Zahar ne ke wannan ihun a harabar asibitin haihuwa, yana kaɗa hula cikin ƙanƙara, tsakiyar maza wajen ashirin. Namiji ba ya shiga, ko ƙafa ɗaya. Taga huɗu suka buɗe, Lena huɗu suka leƙo.

"Wace Lenar, baba tsoho? A ɗakinmu kaɗai mu uku ne!"

"Kuznetsova!"

"Ga wani dogo can tun jiya yake kiran Kuznetsova. Sai ku raba ta!"

Mata suka bushe da dariya. Zahar ko murmushi.

Yaron nan ni na rene shi bayan mamanmu ta rasu. Na ce yaro, alhali shekararsa arba'in da huɗu, kai duk sanƙo. Jirgin lantarki na cikin gari yake tuƙawa, layi ɗaya shekara ashirin. Kunya ta hana shi aure har sai da Lena mai yankan tikiti ta gaji ta nemi aurensa da bakinta. Ciki biyu suka zube. Wannan na uku ne, kuma likita ya ce daga shi babu wani.

Naƙuda ta zo ran Litinin, ranar da a camfinmu ba a fara komai a cikinta. Ya ce, "Lenochka, ki ɗan daure zuwa Talata." Ta jefe shi da silifa.

Talata shiru. Laraba aka manna takarda a ƙofa. Layi na shida: Kuznetsova Ye. V., tiyata, 'ya mace, kilo uku. Layi na tara: Kuznetsova Ye. V., tiyata, uwa rai a hannun Allah, gurbin jariri an ja layi kawai. Ye. ɗin farkon cikakken sunan Lena ne, V. kuwa farkon sunan mahaifinta.

Dogon nan, Matvei, yana tsaye gefensa, yatsansa a kan layi na shida. Zahar ma ya ɗora nasa, ya tambaye shi.

"Taka 'yar wa ce?"

"Viktorovna. Taka fa?"

"Vitalyevna."

Suka ruga wajen matar da ke ƙaramar taga. Ta ce ita abin da aka ba ta ke nan, babban likita sai Juma'a, su matsa akwai layi.

Alhamis ranar karɓar abinci ce. Kowa ya miƙa kwalbar romon kaza da suna a jiki. Kwalba iri ɗaya, murfin roba iri ɗaya, irin wanda kowane gida ke da shi. Bayan awa guda aka dawo da ɗaya ba a taɓa ba, laima ta cinye rubutun. Zahar ya buɗe ya sansana, ya kurɓa, ya kawo mini har gida a cikin riga.

"Raya, ke kika dafa. Ɗanɗana. Namu ne?"

Na ɗanɗana. Romo dai romo ne. Na ce ba namu ba ne, nawa ya fi gishiri. Ya kalle ni, ya san ƙarya nake. Ya zauna a ƙasan kicin da takalmansa, yana cewa shi bai taɓa roƙon sharri ya faɗa wa wani ba, amma tun jiya ba abin da yake roƙo sai wannan, alhali Matvei ɗin nan har sigari ya ba shi.

Juma'a da hantsi yana ɗaura igiyar takalmi, wayar maƙwabciyata ta yi ƙara, matar ta bubbuga mana bango, alamar kiran namu ne. Ya kasa riƙe kan wayar, ni na kanga masa a kunne.

"Zahar, ashe kai ne ke ihu kamar an sace maka jirgi? Ɗinki ya hana ni tashi."

"Wace... wace Lenar?"

"Taka, sakarai! Vitalyevna! Yi shiru ka ji 'yarka, bakinta irin na Raya."