Ranar da Kawu Garba Ya Kashe Eko

Duk wanda zai rubuta tarihin wayewar Potiskum da gaskiya, dole ya ware babi guda domin eko, wato maɓallin nan da ke sa murya ta riƙa maimaita kanta a lasifika. A zamaninmu, taron da ba a ji mai jawabi ya ce "jama'a" sau ɗaya ta dawo sau uku ba, ba taro ba ne, hira ce.

Wata Asabar ta ƙarshen zangon karatu, ina aji biyar, aka yi bikin rabon kyaututtuka a makarantarmu ta Hausari. Tun da sassafe mun share fili, mun yayyafa ruwa, mun jera bencina ƙarƙashin darbejiya. Ni aka zaɓa in yi karatu a gaban iyaye, kuma saboda ni kakana ya baro gonarsa a Fika ana tsakiyar cirar gyaɗa. Kunnensa ya yi nauyi, muryata kuwa ko kajin gidanmu ba sa razana da ita. Fargabata ke nan: ya sha wannan tafiya ya koma bai ji komai ba.

Mai sautin shi ne Kawu Garba na Yerimaram, maƙwabcin ƙanwar babata, wanda ke da miksa, wato na'urar daidaita sauti, mai maɓallai kamar haƙoran kada. A bakinsa na fara jin kalmomin sana'ar, kowace da fassararta. Gen shi ne ƙofar da murya ke shigowa, "in kin wangale ta, har da awaki za su shigo." Bes tuwon murya ne, tirebul yajinta. Fidbak kuwa, wannan ƙarar mai tsaga kunne, yakan ce lasifika ce ta ji muryarta ta tsorata.

Da na faɗa masa damuwata, ya leƙa inda Kaka yake zaune ya ce, "Tsohon can mai jar hula? 'Yata, eko kwalliya ce, mai nauyin kunne ba ya cin kwalliya." Da aka kira sunana, ya ɗan buɗe gen, ya rage tuwo, ya ƙara yaji, ya juya lasifika ɗaya ta fuskanci Kaka. Sannan, a gaban garin da ke auna gwanintar mai sauti da yawan amsa-kuwwa, ya murɗe eko har ƙasa. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Garba, kayan sun mutu ne?" Ko waiwayowa bai yi ba. Muryata ta fita tsirara, siririya, amma kowace kalma da ƙafafunta. Na ga Kaka ya sauke tafin da yakan kafa a bayan kunne, yana gyaɗa kai har na dire.

Yanzu ɗan Kawu ke riƙe da sana'ar. Miksarsa ta zamani ce, yana yawo cikin taro yana shafa allo da yatsa, na'urar tana tuna saitin kowane biki. Ina sha'awarta ƙwarai, sai dai ban san maɓallin da ke hango tsoho mai jar hula ba.

Har ya rasu Kaka yana faɗin cewa ranar nan ko kalma ɗaya ba ta wuce shi ba. Karatun da Turanci na yi shi, Kaka kuwa bai san Turanci ba.