Baba Zagaye, Mai Bin Doguwar Hanya

Kafin ƙarfe bakwai na safe ya riga ya iso asibiti. Sai ya jawo keken tura marasa lafiya daga bayan ƙofa, ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya ɗiga mai inda ke ƙara, ya goge wurin zama. Sannan ya dafa keken ya yi addu'ar da ba ta kai minti guda ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka yake yi, ranar Juma'ar nan kuma zai ajiye aiki.

Daga ɗakin mata zuwa ɗakin hoto tafiyar minti biyu ce. In ciwo ya yi tsanani, da gudu yake yin ta. Amma duk wanda ya tashi ya ce masa, "Baba, yau da sauƙi," to, ya shiga hannu. Sai ya bi da shi ta bayan ɗakin wanki, ya tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro inda rana ke ratsowa, ya ce taya ce take hutawa. Nan ya samo sunan Baba Zagaye. Babbar nas ta yi faɗa har ta gaji.

Mai wanki ce ta ga abin da ya faru da Maman 'Yan Biyu, wata tela da ta yi wata uku a kwance. Ba a barin yara su shiga ɗakin mata, don haka tun da aka kwantar da ita ba ta sa 'ya'yanta a ido ba. Mijinta, shugaban mawaƙa a cocinsu, ya ɗauki azumi, ya ce babu murna a gidansa sai ta warke sarai. Wata Talata ta farka babu ciwo ko kaɗan, har ta nemi madubi. A ranar kuma ƙanwarta ta zo da yaran bakin ƙofar asibiti kawo abinci.

Baba ya ɗora ta a keke, ya nufi bishiya, ya aika a kira yaran. Mijin ya sha gabansa.

"Baba, mayar da ita gado. Likita ya ce ciwon zai dawo. In yaran suka ga ta yi dariya yau, jibi me zan ce musu? Ba mu gama roƙo ba."

"Ɗana, wata nawa kana buga wa Ubangiji ƙofa?"

"Uku."

"To yau ya buɗe ya miƙo maka rana guda, kai kuma ka maida hannu baya, wai sai ya kawo duka? Ni in na ba jikana alewa ya ce sai da buhu, kunnensa zan ja."

Matar ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Mijin ya yi tsaye, bai matsa ba.

"Yesu da kansa ya je biki," in ji Baba, "ya san abin da ke jiransa a gaba, amma ya zauna ya ci. Ka fi shi ibada ne? Matsa min, kana tare wa baiwar Allah rana."

Ya matsa. 'Yan biyun suka sheƙo da gudu, ɗaya ya haye cinyarta, ɗaya ta tsaya tana taɓa mata fuska tana cewa, "Mama, kin zama 'yar ƙarama." Aka ɓare lemo. Matar ta miƙa wa mijinta ɓari ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe ido, ya yi godiya, ya kai baki. Babbar nas ta leƙo ta taga za ta yi magana, sai ta saki labule ta koma.

Ciwon ya dawo ranar Alhamis, kamar yadda likita ya faɗa. Har yanzu tana zuwa karɓar magani duk wata. Amma in aka tambayi yaran lokacin da mamarsu ke asibiti, labarin lemo suke bayarwa.

Baba, kai ne ba ka taɓa riƙe allura ba, amma ka san wace rana ce ta kuka, wace ce ta shan iska. Kai ne ka tura mutane zuwa ɗakin da ba su fito ba, duk da haka ba ka daina yi wa Allah godiya don safiya mai kyau ba. Mun gode, mun gode ƙwarai.

Mu abokan aikinsa da muka rage, in wani namu ya ce yau da sauƙi, kada mu ce masa bari mu ga gobe. Mu jawo kujera mu zauna tare da shi.

An tambayi Baba abin da zai yi ranar Litinin. Ya ce, "Shayi zan sha da zafinsa. Shekara talatin da ɗaya ina shan shi bayan ya huce."

A sha lafiya, Baba.