Inna Kulu da Ƙarfen da Ba Ya Tsayawa

Duk wanda ya zauna a Makera a wancan lokaci ya san Inna Kulu mai jigida. Daga Gusau aure ya kawo ta Kaduna, mijinta Malam Bello yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Da ya rasu, sai ta riƙe sana'ar da ta koya a ɗakin kakarta, wato shirya duwatsun ado. Jigida ce, sarƙar wuya ce, carbi ne, babu wanda hannunta bai iya ba. Mace ce mai son tambaya, kuma idan aka ba ta amsa takan ɗauke ta da gaske.

A shekarar 1986 wani malamin kimiyya, Dakta Istifanus, mutumin Kagoro, ya kama haya a gidan da ke jikin nata. Bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba, yana koyarwa a wata kwaleji a tsallaken kogi. Wata ranar Asabar ya yi sallama, ɗauke da katako huɗu da waya da wata doguwar takarda cike da lambobi.

"Inna, aiki na kawo miki. Ƙarfe nake so ki shirya mini da duwatsunki."

"Ƙarfe kuma, Dakta? Ai maƙera na bakin titi."

Ya yi dariya, ya zauna a kan tabarma. Ya ce mata kowane ƙarfe tarin ƙwayoyin zarra ne da ido ba ya gani, a jere sahu-sahu. A can Ingila ya sa kwamfuta ta lissafa yadda kowace ƙwaya ke jan maƙwabciyarta ko ture ta, sannan ya sa aka ja ƙarfen cikin lissafi har ya tsage. Lambobin nan su ne mazaunin kowace ƙwaya. Kwalejinsu ba ta da na'urar da za ta nuna wa ɗalibai hoton, shi ya sa yake son a gani da ido, a taɓa da hannu.

Shi ya riƙa ɗiga alama a kan katakon, ita tana zura duwatsu a waya tana ɗaure su daidai kan alamar. Allo na farko ya fito tsaf kamar sahun masallaci. A na biyu sahun ya fara karkacewa. A na uku wata ƙofa ta buɗe a tsakiya, a na huɗu kuwa ta keta har gefe. Inna Kulu ta jera su a tsakar gida tana kallo.

"To kafin a ja shi, haka suke tsaye cak?"

"A'a, Inna. Ba sa tsayawa ko kaɗan. Kullum rawa suke yi a mazauninsu, in zafi ya ƙaru rawar ta ƙaru."

"Har tukunyata?"

"Har ita."

"Kwaɗon ƙofata fa?"

"Shi ma."

Ta dafe ƙirji ta yi salati. Ranar ba ta iya ɗora girki ba. Ta ɗauki tukunyar ta kara a kunne, ta ajiye, ta sake ɗauka. Abin da ta yi shekaru tana jingina da shi, ashe karkarwa yake yi.

Daga nan ta daina haye gadar kogi, tunda da ƙarfe aka yi ta. Idan duwatsu suka ƙare, saƙo take bayarwa a sayo mata a babbar kasuwa da ke tsallake. Sau ɗaya ta gwada shiga bas, suna dosar kogi ta buga jikin motar ta ce a sauke ta. Mata suka yi ta mata tsiya, ta ce su yi dariyarsu, ita ta ga cikin ƙarfe da idonta.

Ana haka 'yarta Hajara ta haihu a Unguwar Rimi, can tsallake. Inna Kulu ta nemi wani masunci ya haye da ita a kwalekwale, ga damina, ga ruwa ya kawo. Ta isa zaninta jiƙe sharkaf, ta yi kwanakinta har suna, ta dawo ta hanyar da ta tafi.

Da labari ya kai kunnen Dakta Istifanus, a guje ya shigo, fuskarsa ta sauya.

"Inna! Kwalekwale, a wannan ruwan? Da wani abu ya same ki, me zan ce wa 'ya'yanki?"

"Gara itace, ɗan nan. Shi aƙalla a tsaye yake."

Ya yi tunanin ko ya faɗa. Sannan ya ce, "Inna, itacen ma haka yake. Ruwan ma haka, ya ma fi ƙarfe motsi. Ƙasar da muke zaune a kai. Har hannun nan naki."

Ta ɗaga hannunta ta zuba masa ido, bakinta a buɗe.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka halicce su."

"Kuma ba su watse ba?"

"Suna riƙe da juna, Inna. Sai an ja su fiye da ƙarfinsu suke rabuwa."

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "To ina mutum zai gudu?"

Washegari ta shiga bas, ta runtse ido tana jan carbi har suka haye. A dawowa ta buɗe ido ɗaya.

Allunan suka yi farin jini a kwalejin, malaman sakandare ma suka fara zuwa Makera nemanta. Ta shirya musu gishiri da duwatsu kala biyu, ta shirya tagulla, ta shirya ƙanƙara. Sai wata rana Dakta ya kawo zanen lu'ulu'u, ya ce ta yi shi da baƙaƙen duwatsu, domin ƙwayarsa ɗaya ce da ta gawayi, jeri ne kawai ya bambanta.

Ta ajiye wayar ta dube shi sama da ƙasa. "Na yarda da rawar tukunya, na yarda da ta hannuna. Amma wannan kam, Dakta, Turawan nan sun rufe ka."

Ta yi masa aikin, amma da fararen duwatsu. Haka ya karɓa ya kai aji.