Kokawar Japan a Ɗakin Kawu a Nuzla

Mun tashi da asuba daga Gumel, ni da abokin tafiyata, a wata motar haya da aka ƙera don mutum shida amma direba ya ga tara ne daidai. Umra muka nufa, sai dai ni akwai saƙon da aka ɗora mini. Kafin in fita na shiga ɗakin Inna in yi mata sallama. Idonta yanzu inuwa-inuwa kawai yake gani, don haka sai da ta laluba ta kama hannuna. Ta ce in na gama ibada in tsaya Jidda in nemi Kawu, in ce masa idonta ya kusa rufewa, kuma tana son ta gan shi da sauran abin da ya rage. Kawu ƙanenta ne. Ɗan kokawa ne a zamaninsa, irin waɗanda ake tasowa daga ƙauyuka a zo kallo bayan kaka. Ya tafi aikin Hajji tun ban yi wayo ba, bai sake dawowa ba.

Hanyar Kano tana nan yadda kuka santa, ramuka suna nan, masu shinge suna nan. A filin jirgi abokin tafiyata ya sayi ruwan gora, ya ji kuɗin, ya tsaya yana kallon gorar kamar za ta ba shi haƙuri. Ba zan tsawaita kan Makka ba, wannan tsakanin mutum da Ubangijinsa ne. Mun yi ɗawafi, mun yi sa'ayi, an aske mu. Bayan 'yan kwanaki na bar abokina yana ta cinikin dabino da zannuwan gado, na shiga motar haɗaka zuwa Jidda.

Titin shimfiɗe yake, babu rami ko na magani, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Muna kusantar gari iska ta sauya, ta zama mai ɗanko da warin gishiri, riga ta manne a baya. Ɗan Kawu ne ya tare ni a tasha. A Jidda aka haife shi, direban wani kamfani ne, yana da iƙama, wato takardar zama, da kafilin da ya tsaya masa, kuma Hausarsa sai ta yi taku uku ta faɗa Larabci. Ya ɗauki jakata ya ce, "Yalla, Yaya, Baba yana jira, amma wallah ba kai yake jira ba, musara'a yake jira." Na tambaye shi mene ne hakan, ya ce kokawa. Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ya bi da ni ta gefen Karantina, tsohuwar unguwarsu, don in gani. Babu abin gani. Fili ne fetal, sai tarin ƙasa da karyayyun bulo can da can, da wani masallaci tsaye shi kaɗai. Ya nuna wani wuri da leɓe ya ce nan gidansu yake, nan kuma Kawu ya yi shekaru yana gasa tsire, wanda Larabawan garin suke kira siriya suna layi a kansa. Da aka rushe unguwar suka koma Nuzla, ɗaki biyu a hawa na biyu. A hanya ya gaya mini abin da ba a faɗa a waya. Takardun Kawu sun daɗe da mutuwa, ciwon suga ya kumbura masa ƙafa, asibiti kuma ba ya shiguwa cikin sauƙi ga mai irin halinsa. In ya miƙa kansa ga hukuma aka ɗauki hoton yatsunsa zai koma Najeriya, amma ba zai sake shigowa ba. Kabarin matarsa a nan yake, 'ya'yansa a nan suke.

Nuzla lungu ne a kan lungu, wayoyin wuta a sama, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigar da ruwa a kan masu wucewa. Mun karya da ful da tamis, wato wake dafaffe da wani faffaɗan burodi mai zafi, da shayi mai madara, duka a kuɗin da bai kai na ruwan gorar abokina ba. A bakin wani lungu wata mata tana sayar da fura da yaji da kuka, tana ciniki da harshe biyu, tana faɗa da uku.

Na sami Kawu zaune a kan katifa, ƙafafunsa a kan matashi. Jikin ya zube amma kafaɗun suna nan. Ya rungume ni, ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen da yawancinsu sun rasu, sannan ya dubi agogon bango ya ce in matsa gefe, na tare masa talabijin. A lokacin hantsi ya yi. Sai ga tsofaffi biyu sun shigo ba sallama mai tsawo. Ɗaya mutumin Maraɗi ne, tela. Ɗayan ana kiransa Malam, yana zuwa a motar haya tun daga unguwar Bani Malik kullum. Maƙwabtan Kawu ne a Karantina, rushewar ta watsa su, kokawar nan ce take tara su.

Kokawar mutanen Japan ce, sumo. Ɗan Kawu ne ya fara nuna masa a waya lokacin da tsohon ya daina magana bayan tashinsu, daga nan abin ya kama shi. Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, ƙarti ne manya-manya, kowa da ɗan bante mai kauri da gashi a ɗaure a tsakar ka. Filin da'ira ce a kan tudun yumɓu, an kewaye ta da igiyar ciyawa. Gasar kwana goma sha biyar ce, kowa karawa ɗaya a rana, wanda bai ci takwas ba, sai a rage masa matsayi. Ana cin mutum in wani abu nasa banda tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ko kuma in an tura shi wajen igiya. Na iske su ana dab da tsakiyar gasar.

Sunayen 'yan wasan sun gagari bakinsu, don haka sun raɗa musu nasu. Akwai Rumbu, wanda ba a kai ga kayar da shi ba a wannan karon. Shi ne gwanin telan Maraɗi, wanda ke cewa da Faransancinsa yaron yana cikin forme, wato yana kan ganiyarsa, a duba yadda yake tashi ƙasa-ƙasa, kai a ƙirjin abokin karawa. Akwai Kurege, ɗan ƙarami, mai gocewa gefe ya bar ƙato ya wuce da kansa. Malam ya ce wannan ba jarumta ba ce, zamba ce, kuma kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi matsala, a lura ba ya ɗaga ta sosai. Malam ɗin nan kullum sai ya yi wa'azi kan tsiraicin mutanen, kuma kullum shi ke zama mafi kusa da talabijin. Gishirin da suke watsawa kafin karawa an yi ittifaƙi a ɗakin cewa asiri ne, saɓanin kawai a kan wane iri. Abin da ya fi damun Kawu shi ne babu makaɗi, babu kirari, mutum ya kayar da ƙato kuma ya sunkuyar da kai ya wuce kamar ya dawo daga ta'aziyya.

Gwanin Kawu shi ne Mai Gwiwa, wani tsohon hannu da aka naɗe wa gwiwar hagu da farin ƙyalle har ta yi kamar tulu. A lissafin Japanawa ya ci biyu kacal, sauran duk an cinye shi. A lissafin Kawu ba a taɓa shi ba. Dalili kuwa, duk ture shi aka yi waje, kuma a kokawar da Kawu ya sani, wanda aka tura ya fita fili sai a dawo da shi tsakiya a sake. Tela ya yi bayani har ya gaji, ya ce arbitre, wato alƙalin wasa, ya nuna, allo ya nuna. Kawu ya ce allo bai taɓa kokawa ba.

"Bayansa ya taɓa ƙasa? Hannunsa ya taɓa? To ina kayen? Turewa daban, kaye daban."

Da suka watse bayan azahar na isar da saƙon Inna yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "Ɗan nan, sun rushe gidan, sun ture ni zuwa nan. Amma bayana bai taɓa ƙasa ba. In na tattara tsummokarana na koma Gumel yanzu, hannu wofi, to na faɗi. Ka gaya wa Yaya ina gaishe ta." Ban yi musu ba. Ni ɗan aike ne, kuma ban ga ta inda zan kama mutumin da ya ƙi yarda da allo ba. Amma raina ya ɓaci, don na san yadda zan tarar da ita a bakin ƙofa.

Da yamma ɗansa ya kai ni bakin teku. Iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan shayi, kuliyoyi ƙosassu suna zagaye su. Mun ci kifi soyayye da shinkafa mai launin ƙasa, ya yi daɗi, kuɗin ma ya yi nauyi. Ya ce shi ya gaji da roƙo. Tsoronsa kada wata rana a kama tsohon a titi, ko ciwon ya kwantar da shi, a fitar da shi a ɗauke.

Washegari ita ce tsakiyar gasar, kuma ita ce ranata ta ƙarshe. Rumbu ya sake ci, tela ya miƙe ya yi rawar da ba ta dace da shekarunsa ba. Kurege ya goce kamar kullum, amma wannan karon an gane shi, aka cafke kafaɗar nan da Malam ya faɗa, Malam ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya don a shaida. Sai aka kira Mai Gwiwa da wani matashi mai faɗin ƙirji. Suna haɗuwa matashin ya kama bantensa da hannu biyu ya yi ta tura shi baya har dugadugansa suka hau igiya. A kwanakin baya nan yake ɗaga ƙafa ya fita. Ranar sai ya ƙi. Ya kafe, ya lanƙwashe baya, yana neman ya juya yaron. Kawu ya ɗago daga jingine yana cewa, "Haka! Tsaya nan!" Gwiwar ce ta ba da kai. Ya zube da bayansa, matashin a kansa, suka gangaro daga tudun yumɓun.

Matashin ya tashi. Shi bai tashi ba. Aka ɗan jira, aka kawo wani ƙaton keken marasa lafiya, mutum uku suka ɗaga shi suka ɗora, aka tura shi ta wani dogon lungu kansa a sunkuye. Tela, wanda ya yi kwanaki yana jiran ranar da zai ce ga kaye nan, sai ya kawar da kai daga talabijin.

Kawu ne ya yi magana, ba da kowa ba. "Igiya tana bayan dugadugansa. Taku ɗaya ne. Da ya fita da ƙafarsa, ya yi gaisuwarsa, ya tafi gida." Ya dubi nasa ƙafafun a kan matashi, ya ce a rage sautin.

Da zan tafi ya sa ɗansa ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado. Ya ciro tsohon gurunsa na kokawa, ɗamarar fata mai layu, ta bushe ta yi baƙi. Ya ce in kai wa Yaya ta ajiye masa. Na tambaye shi in ce mata me. Ya ce in ce a share ɗakin soro, in an gama gasar zai ga abin da za a yi. Ya ƙara da cewa in bincika ko waya tana kamawa sosai a unguwarmu, don akwai wata gasar bayan wata biyu.

Na haɗu da abokin tafiyata a filin jirgi, kayansa sun haura awo, yana cire zannuwan gado yana rarraba wa mutanen da bai sani ba su riƙe masa. Mun sauka Kano, muka kama hanyar Gumel, ramukan ba su je ko'ina ba. Inna tana bakin ƙofa kamar yadda na zata. Ta saurari takun ƙafa, ta ji na mutum ɗaya ne. Na sa mata gurun a hannu. Ta shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ta kai hanci, ta ce ita ce take ɓoye masa shi a ƙarƙashin gadonta lokacin da mahaifinsu ya hana shi kokawa. A ranar ta sa aka share ɗakin soro.

Ga masu tambayata abin da na koyo a tafiyar, kaɗan ne. Ful da tamis ya fi ƙarfin mai shirin yin aiki da safe. Kada ka bi mai sayen zannuwan gado layin awo. Kuma tsoho ba ya jin magana daga bakin ɗansa ko ɗan yayarsa, sai ya ga abin a jikin wani. Na je da saƙo na faɗa, bai yi aiki ba, wani Bajapane da bai san da mu ba ya ƙarasa mini.

Bayan an rufe gasar ɗan Kawu ya kira ni. Ya ce Rumbu ne ya ɗauka, Mai Gwiwa kuma ya yi ritaya. Ya ce ya kai Baba ofishin da ake miƙa kai, ya so ya shiga da motar har bakin ƙofa saboda ƙafar, tsohon ya ce a tsaya a titi. "Halas, shi ke nan, Yaya," in ji shi, "ya sauka, ya ƙi sanda, ya ƙi hannuna. Da ƙafarsa ya shiga."